Sallar da Na Yi a Kufan Ystrad Fflur

A gida Dakta ake ce mini. Tun ranar da na gama karatun likitan dabbobi a Zariya sunan ya bi ni, har mahaifiyata, da ba ta faɗin sunana saboda ni ne ɗan fari, ta samu mafita ta koma ce mini Dakta. Na fara da wannan ne don ku gane nauyin abin da na ɓoye wa iyayena kusan wata biyu, da kuma yadda wani kufai a ƙasar Wales ya sa na buɗe baki.

Babana dillalin dabbobi ne, a kara ya tsufa. Da na samu gurbin digiri na biyu a wata jami'a a Wales, shi ya zaunar da ni muka yi lissafi a farkon 2023, lokacin fam ɗaya bai kai naira 600 ba a farashin gwamnati. Ya sayar da fili ɗaya da bijimai huɗu, ya ce wannan ya isa har da canji. A watan Yuni aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa. Kafin Fabrairun 2024 fam ya doshi naira 2,000. Kuɗin da muka ware na shekara guda bai kai ni rabin hanya ba, ga sauran kuɗin makaranta, ga haya. Takardar likitancina kuwa ba ta ba ni damar taɓa ko kyanwar wani a Birtaniya ba, sai na zauna jarrabawar hukumarsu, ita ma kuɗi ce.

Wani ɗan ajinmu ne ya ce akwai manomi kusa da Tregaron da ke neman hannu a lokacin haihuwar tumaki. A Wales tumaki sun ninka mutane kusan sau uku, kuma yawancinsu a tsakanin Fabrairu da Afrilu suke haihuwa, don haka duk mai gona neman mataimaki yake. Na fara zuwa ƙarshen mako, da hutu ya zo na tare can gaba ɗaya, a wani ɗaki mai taya da ake ja da mota, wanda aka ajiye bayan rumfar tumaki. Mai gonar dattijo ne da ya haura saba'in, matarsa ta rasu, ɗansa yana aiki a Cardiff. Da karensa da maƙwabtansa yaren Welsh yake yi, Turanci sai in ya juyo kaina. Bachgen yake ce mini, wato yaro. Ni kuma a raina Dattijo nake kiransa.

Aikin ba na Dakta ba ne. Kwasar kashi ne, da shimfiɗa sabuwar ciyawa, da ɗaukar bokitin ruwa, da tashi ƙarfe biyu na dare da tocila a goshi a zaga rumfa. In tunkiya ta haihu a shafa wa ɗan aidin a cibiya, a tabbatar ya sha dakashi, a fesa wa uwa da ɗa lamba ɗaya da fenti. In ɗa ya zo da baya ko ƙafa ɗaya ta maƙale, a naɗe hannun riga a shiga. Akwai dabara ɗaya da Dattijo ya nuna mini wadda har yanzu in na tuna sai na ji warin a hancina: in tunkiya ta rasa ɗanta, wata kuma ta haifi uku, sai a feɗe mataccen, a sa wa ɗaya daga cikin ukun fatar kamar riga, a miƙa wa mai makokin. Za ta sunsuna bayansa, ta juya, ta sake sunsunawa, can sai ta tsaya ta bar shi ya sha. Bayan kwana biyu ko uku a cire rigar, ya riga ya zama nata.

Azumin shekarar ya faɗo daidai tsakiyar wannan aiki. Sahur a tsaye da hannu mai warin mahaifa, buɗa-baki wajen ƙarfe takwas na dare a ƙarshen watan. Duk wannan bai dame ni ba kamar wayar gida. In Baba ya kira sai in ce ina ɗakin gwaje-gwaje. In ƙannena sun matsa sai an yi bidiyo, in saka kwat mai tsabta in tsaya jikin farin bangon ɗakin madara. Mutumin da ya sayar da filinsa don ɗansa ya wuce matsayin mai bin bayan dabba, da wane baki zan ce masa ɗan nasa yana kwasar kashin tumakin wani a ƙasar Turawa?

Sallah ta kama Laraba, 10 ga Afrilu. Na so in je garin Aberystwyth, inda zan samu jam'i, amma da asuba tumaki uku suka tashi haihuwa a tare, ɗaya da tagwaye a harɗe. Kafin mu gama hantsi ya yi, Idi ya wuce. Na zauna a kan damin ciyawa ban ce komai ba. Dattijo ya dube ni, ya tambaya ko yau ce babbar ranar tamu. Na ce ita ce. Ya yi shiru, ya shiga gida, ya fito da furanni rawaya a naɗe cikin jarida, ya ce in sauya riga in shiga mota, zai je wajen matarsa, kuma akwai abin da zai nuna mini.

Hanyar siririya ce, shinge hagu da dama, in mota ta taho sai ɗaya ya raɓe. Muka wuce gefen fadamar Cors Caron, muka shiga ƙauyen da aka rubuta Pontrhydfendigaid a allonsa. Na gwada faɗa, Dattijo ya yi dariyar da ban taɓa jin ya yi ba, ya ce kowa Bont yake cewa, kada in karya harshena. Daga nan muka karkata gabas kamar mil guda, kwarin yana ƙara tsukewa, duwatsu marasa itace suna matsowa, tumaki a warwatse a jikinsu kamar an watsa farar shinkafa. Jajayen shirwa biyu suna shawagi a sama. A ƙarshen kwalta, inda kogin Teifi ke saukowa daga tafkunansa na kan tudu, nan wurin yake. A taswira Strata Florida aka rubuta, da Latin. Dattijo bai taɓa kiransa haka ba. Ystrad Fflur yake cewa, kuma ya fassara mini da kwarin furanni.

Ya shiga maƙabartar ƙaramin cocin da ke gefe da furanninsa, ni kuma na ba shi wuri, na nufi kufan.

Abin da ya fara tare ni ƙofa ce. Ƙofa kawai, tsaye a guntun bango, ba rufi a bayanta, ba ɗaki, sai ciyawa da sararin sama da dutsen da ke can nesa yana leƙowa ta cikinta. Samanta a lanƙwashe yake, irin abin da maginanmu ke kira bakan gizo, an sassaƙa dutsen layi-layi kamar an jera igiyoyi masu kauri an lanƙwasa su tare, sannan aka ɗaure su da wasu maɗaurai a tsakani. Kowane maɗauri in ya fito gefe sai ya ƙare da nannaɗe, kamar kan sandar makiyayi. Na sa hannu a kai. Dutsen da sanyi, da laima, gansakuka ta cika tsagoginsa. Na daɗe a nan fiye da yadda na yi niyya. Mutum ya shiga ƙofa yana sa ran inuwa, sai ya tarar ya fita waje ne daga waje.

Ciki fili ne dogo, ya haura mita 60, da gindin ginshiƙai a jere da ba su wuce gwiwa ba. Wannan shi ne majami'ar. A tsakiya akwai wani rami da aka gina da dutse, da matakala ta gaba da ta baya, wanda ake kyautata zaton na wankin ƙafa ne ko na ruwan ibada. A gefen kudu an yi wa wasu ƙananan ɗakuna rumfa don kare tayil ɗin ƙasa da suka rage, ja da rawaya, da zanen tsuntsaye da ganye, har da wani mutum riƙe da madubi yana kallon kansa. Shekara ɗari bakwai mutumin nan yana duba fuskarsa, rufi ya faɗi, masu gidan sun watse, shi ko a jikinsa.

Ina tsaye nan Dattijo ya iso, hannunsa duk ƙasa. Tarihin wurin a bakinsa yake kamar yadda dattijan gari ke riƙe da jerin sarakunansu, abin da ya tsallake kuma allunan da Cadw, hukumar kula da wuraren tarihi ta Wales, ta kafa suka cike mini. Gidan zuhudu ne na Kiristoci, irin waɗanda malamanmu ke kira ruhubanawa, 'yan ɗariƙar Sistashiyan da ta faro a Faransa a 1098. Ɗabi'arsu ce su guji gari, su nemi kwari mai ruwa inda ba kowa. An kafa wannan a 1164, da farko a hannun wani basaraken Norman, Robert fitz Stephen, amma shekara guda bayan haka Rhys ap Gruffydd, sarkin kudancin Wales da ake kira Lord Rhys, ya ƙwace yankin, ya ɗauki gidan a matsayin nasa, ya ba shi filayen kiwo masu faɗi a kan tuddai. Daga nan ya zama gidan 'yan ƙasa. 'Ya'ya da jikokin Rhys da dama nan aka binne su. A 1238 Llywelyn Babba ya tara sarakunan Wales a nan suka yi wa ɗansa Dafydd mubaya'a. Nan kuma aka rubuta babban ɓangare na tarihin sarakunansu, wanda ake kira Brut y Tywysogion.

Wannan kusanci da sarakunan gida shi ya jawo musu. A 1212 Sarki John na Ingila ya yi barazanar rushe gidan, aka ƙare da tarar fam 800 da suka yi shekaru suna biya. An ƙone shi a rikicin zamanin Edward na ɗaya. A lokacin tawayen Owain Glyndŵr, farkon shekarun 1400, sojojin Henry na huɗu suka kori masu ibadar suka mai da wurin bariki, har da ɗaure dawakai a cikin majami'ar. Dattijo ya faɗi wannan yana nuna wajen da yatsa, fuskarsa a murtuke, kai ka ce bara aka yi. Ƙarshe a 1539 Henry na takwas ya rufe shi tare da sauran gidajen zuhudu na ƙasar. Aka kwashe darmar rufi, ruwan sama ya yi sauran aikin, maƙwabta kuma suka riƙa zuwa da amalanke suna ɗibar dutse. Babban gidan gonar da ke manne da kufan, Mynachlog Fawr, da dutsen nan aka gina shi. Dattijo ya ce in aka bincika bangon rabin gonakin kwarin, za a samu na sufaye a ciki, kuma bai cire tasa ba. Har ƙasa ta binne wurin, sai a 1887 wani injiniyan jirgin ƙasa, Stephen Williams, ya fara tone shi sosai.

Sarakunan ba su kama ni ba, gaskiya. Kowace ƙasa da nata. Abin da ya tsayar da ni tambayar da na yi ce, irin ta ɗan dillali: da wane kuɗi aka gina wannan a ƙarshen duniya? Dattijo ya juya ya nuna tuddai. Tumaki. Ulu ne arzikin gidan, ana tara shi daga gonakinsu da ke warwatse a faɗin yankin, ana sayarwa har ƙetare. Rigar masu zuhudun ma farin ulu ce da ba a rina ba, shi ya sa ake ce musu fararen sufaye. Da bazara a hau da garke kan tudu, da sanyi a sauko kwari, kuma har yau sunayen gonakin Wales na ɗauke da wannan: Hafod mazaunin bazara, Hendre mazaunin hunturu. Duk wanda ya san mashekari ya gane zancen.

To wa ke kiwon? Ba masu farar riga ba. Su aikinsu addu'a sau takwas a yini da dare, da karatu, da rubutu. Akwai wani rukuni na biyu a gidan, 'yan'uwa masu aikin ƙarfi. Su ma sun yi alkawarin zuhudu, ba aure, ba dukiya, amma 'ya'yan talakawa ne, ba a koya musu karatu, sai 'yan addu'o'i da suka haddace. Suna barin gemu, rigarsu mai duhu ce, ɗakin kwanansu daban a ɓangaren yamma, wurin tsayuwarsu a majami'a ma daban, can baya, da shamaki tsakaninsu da masu karatu. Dattijo ya ja ni muka koma kusa da ƙofar da na fara shigowa, ya buga ƙafa a ƙasa, ya ce nan ne wurinmu ni da kai, bachgen, can gaba na masu tsabtar hannu ne.

Na tsaya a wurin. Na yi tunanin wani mutum shekara ɗari takwas da suka wuce, a watan Afrilu irin wannan, cikin duhu da ruwan sama, hannunsa cikin tunkiya har gwiwar hannu, yana jin ƙararrawar ƙarfe biyun dare daga nesa tana tashin masu karatu. Lokacin da agogona ke tashina ke nan. Littafin tarihin da aka rubuta a gidan nan ya lissafa mutuwar sarakuna da shugabannin gidan shekara bayan shekara. Shi wannan ba a rubuta shi ba. Amma fatar da aka yi rubutun a kai daga bayan dabba ta fito, kuma kowane dutse na ƙofar can da ulun da ya sausaya aka biya masassaƙi. Ban ji tausayinsa ba, kuma ba zan ce na ji alfahari ba. Abin da na ji shi ne kunyata ta sauya wuri. Da ina jin kunyar aikin. A nan na fara jin kunyar kwat ɗin da nake sakawa in tsaya jikin farin bango, don mutumin da nake ɓoye wa warin tumaki, da wannan warin ya ciyar da ni ya kai ni Zariya.

A bayan bangon kudu akwai jerin kaburburan masu zuhudun, 'yan gajerun duwatsu a kai, wasu da zanen saƙa, ba suna. Na wuce su a hankali.

Kafin mu tafi Dattijo ya ce sai na ga abu biyu a maƙabarta. Na farko wani tsohon itace ne mai duhun ganye da suke kira ywen, cikinsa ya rube ya zama kogo amma yana raye, inda ake cewa an binne babban mawaƙinsu na ƙarni na 14, Dafydd ap Gwilym. Ya ƙara da cewa mutanen Talley, wani ƙauye mai nasa kufan gidan zuhudu, su ma suna da'awar a wajensu yake, amma ƙarya suke. Na biyu wani ɗan ƙaramin dutse ne da aka zana ƙafar mutum a jikinsa. Kabarin ƙafa ne. Wani mai haɗa gangar katako, Henry Hughes, aka yanke wa ƙafar hagu a 1756, aka binne ta nan da dutsenta da kwanan watanta, shi kuma daga baya ya yi ƙaura zuwa Amurka da sauran jikinsa. Na yi dariya har da hawaye, dariyar farko a ranar Sallar. Dattijo ya ce ai kowa da ya bar gida haka yake, wani abu nasa na binne a baya, wannan dai ya yi gaskiya ya sa alama.

Azahar ta yi. Na sauka bakin ruwa na yi alwala, ruwan kamar ƙanƙara, na shimfiɗa rigar ruwata a kan ciyawa wajen katangar, na duba alƙibla a waya, na yi sallah. Dattijo ya zauna a mota, ya kashe rediyo har na sallame.

Sabis ba ya kamawa sosai a cikin kwarin, sai da muka fito wajen Bont waya ta fara shigo da saƙonnin barka da Sallah. Na ce ya tsaya. Na fita, na jingina da mota, na kira Baba, da bidiyo, da rigar da ke jikina, da takalmin roba mai taɓo. Ana ta hayaniya a gidan, ya fita zaure.

Na ce, "Baba, barka da Sallah. Allah ya maimaita mana."

Ya ce, "Amin, Dakta. An sauko lafiya?"

Na ce ban samu Idi ba. Na faɗa masa dalili, daga nan na faɗa masa duka: kuɗin da ya ƙare, da gonar, da ɗaki mai taya, da ɗakin gwaje-gwajen da babu shi. Ina magana ina kallon ƙasa, kamar yana gabana. Ya bar ni har na kai aya. Sai ya gyara hula, ya ce tun goman farko na azumi yake jin kukan tumaki a bayan muryata, kuma shekara arba'in a kara ba a yi masa ƙarya da kukan tunkiya mai jego. Ya ce ya hana Hajiya ta tambaye ni, ya ce a bar ni in kawo da kaina.

Na rasa abin cewa. Na ce, "Baba, a yafe mini."

Ya ce, "Allah ya yafe mana. Su nawa ne?"

Na ce wa?

Ya ce, "Tumakin."

Na ce sun kai ɗari shida. Ya yi salati. Ya tambaya ko biyu-biyu suke haifa, na ce da yawansu, wasu har uku. Ya tambayi yadda ake yi da na ukun, na ba shi labarin rigar fata. Ya ce a'a, wannan ai wahala ce, shi gishiri yake shafa wa maraya a baya ya kulle su da uwar a ɗaki ɗaya, in gwada in gani. Sannan ya ce in juya wayar ya gaisa da mai gidana. Dattijo ya sauke gilashi, ya cire hularsa. Baba ya yi masa godiya da Hausa, doguwa, har da addu'a, shi kuma ya amsa da Welsh, ban fassara wa kowa ba, ba wanda ya nema.

Muka koma gona wajen la'asar. Tunkiya mai lamba 412 tana kwance a kusurwa tana nishi, hanci da ƙafa ɗaya kawai suka leƙo. Na cire rigar Sallar na rataye a ƙusa, Dattijo ya riƙe mata kai, na durƙusa na shiga neman ɗaya ƙafar.